A Saman Lodi, Daga Mayanci Zuwa Gummi



Yau a saman mota za mu yi sharhin namu. Gidan gaba mun bar wa direba da mai kaya, mu can bisa buhuna za mu hau, inda iska ke dukan fuska, reshen ƙaya yana farautar hular mutum, ƙafa ta mutu har ka manta taka ce. Duk wanda ya tashi a yammacin Zamfara ya san wannan mazauni. A nan ɗalibi ya zauna ranar komawa makaranta, a nan tsohuwa ta rungume kajinta zuwa kasuwa, a nan aka ɗaure gadon amarya da kwanukanta.

Bari in kwatanta hanyar don wanda bai san ta ba. In ka fito Gusau ka kama titin Sakkwato, ka wuce Bunguɗu da Maru, a Mayanci za ka karya hagu. Daga nan sai Anka, garin Sarkin Zamfara, sai ka ratsa ƙasar Bukkuyum ka isa Ɗaki Takwas inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe Gummi, ɗaya ta yi kudu zuwa Zuru a Jihar Kebbi. Wannan ita ce uwar hanya, mai kwalta, wadda ake gani a taswira. To amma yawancin mutanen ƙananan hukumomin nan uku, Anka da Bukkuyum da Gummi, ba a bakin kwalta suke ba. Suna can ciki, a Bagega da Dareta da Sunke, a Gwashi da Adabka da 'Yargalma, da tungaye barkatai waɗanda ba a jin sunansu sai ranar zaɓe ko ranar musiba. Hanyar da ke kaiwa gare su burji ce in an yi sa'a. In ba a yi ba, sawun taya ne da wata mota ta bari bara.

Ƙasar tana da duwatsu, amma kada wani ya zaci irin tsaunin Mambila nake nufi, inda mota ke hawa har gajimare ya koma ƙarƙashinta. Namu ba su kai nan ba. Tuddai ne masu tsakuwa, da duwatsu jefi-jefi, da faƙo, da kwazazzabai da ruwan damina ke yankawa yana gangarawa Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Sai dai duk direban da ya ɗauko lodin da ya fi ƙarfin motarsa zai gaya maka ƙaramin tudu ma tsauni ne, ranar da giya ta ƙi shiga a tsakiyarsa.

Ƙasar nan ta san ayari tun kafin a ƙera mota. A ƙarni na 19 Gummi mazaunin fataken goro ce, Kambarin Barebari, masu haɗa jakuna su nufi Gwanja, can cikin ƙasar Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi su komo da goro. Tafiya ce ta watanni. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai duba gaba, yana da zangon da zai sauka, kuma yana biyan kuɗin wucewa ga masu ƙasar da ya ratsa. Ku riƙe mini wannan na ƙarshen, za mu komo kansa. Da jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, sai akalar ciniki ta juya gabas, auduga da gyaɗa suka riƙa neman tashar jirgi. Dogo bai taɓa zuwa Anka ba, balle Gummi. Jaki da raƙumi suka riƙe aikin, har babbar mota ta zo ta karɓe shi.

Dattawa suna tuna zamanin Bedford da Austin. Mu da muka biyo baya roka muka sani, Marsandi 911 mai gajeren hanci da bodin katako, wadda masu fenti ke wa ado da zaki da dawisu, a rubuta mata "Sai Haƙuri" ko "Allah Ya Kiyaye" a goshi. Akwai lokacin da ƙasar nan ke harhaɗa manyan motoci da kanta, na Marsandi a Inugu, na Steyr a Bauci, na Fiat a Kano. Direban babbar mota a wancan zamani babban mutum ne, shi ke kawo labarin birni da sabon yayin hula, har marigayi Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi. Yau mota ƙirar kanta ce ta fi shiga ƙauye, sai Daf da tirela a bakin kwalta suna jiran a tara musu, sai tifa. Da yawansu tsofaffi ne da suka gama aikinsu a ƙasashen waje kafin su fara namu.

Lodi kansa ilimi ne, kuma ba a makaranta ake koyonsa ba. Hatsi a ƙasa, mai nauyi ya matsa gaba kusa da kai, don in nauyi ya taru a baya mota za ta ɗaga hanci a hawan tudu, sitiyari ya zama wasa a hannun direba. Bisa hatsi a ɗora mai sauƙi, ƙorai da tabarmi da buhunan barkono. Awaki a kusurwa. Babur a ɗaure shi a jikin bodi. Mutane su ne na ƙarshe, su ne kuma ba a ƙirgawa. In aka zo tudu, direba ya saukar da giya zuwa ta ɗaya tun daga gindi, don wanda ya bari sai tsakiya ya nemi canji ya sayi rigima. Karen mota ya diro da weji a hannu, wannan guntun icce mai kusurwa uku, yana gudu a gefen tayar baya. Da inji ya yi tari ya mutu, sai ka ji direba ya ƙwala ihu, "Weji!" Yaron nan, wanda watakila bai kai shekara ashirin ba, shi ne tsakanin mutum hamsin da kwazazzabo. A gangara kuma gwanin direba da giya yake riƙe mota, yana taɓa birki kaɗan-kaɗan, saboda birkin da aka danne tun daga sama zafi yake ɗauka ya daina kamawa, mai iska kuma iskarsa ta ƙare. Ban san wata sana'a da ake raina mai yin ta kamar karen mota ba. Ko sunan da muka ba shi ya isa shaida.

Shekaru da dama kafin fitinar 'yan bindiga, cikin watan Agusta, na hau wata roka daga Anka zuwa wani ƙauye da ke kudu. Mun tashi da hantsi bayan an ce mana da asuba za a tashi, abin da ba ya ba kowa mamaki. Wajen la'asar muka iso wani rafi da aka yi ruwa a samansa. Karen mota ya naɗe wando ya shiga yana auna zurfi da sanda, ruwa ya kawo masa cinya, ya ce a taho. Mota ta shiga, ta kai tsakiya, tayar baya ta hau juyi wuri ɗaya tana watsa laka. Direba ya leƙo ya ce, "Maza su sauka, mata su zamna." Muka sauka. Aka sauke rabin buhuna aka kai gaɓa a ka. Aka yi haƙa, aka sa jak, aka cusa duwatsu da rassa, aka tura da salati. Ta motsa taku biyu ta sake nutsewa. Magariba ta same mu a nan.

Abin da ya sa nake ba ku wannan labari shi ne abin da ya biyo baya. Wani dattijo ya fito daga tungar da ke bayan tudu da fitilar ƙwai, ya ce, "Baƙin Allah, ku taho ku ci tuwo." Mata suka kwana cikin gida, mu muka baje a zaure da bakin masallaci. Wani Bafulatani da rugarsu ke kusa ya aiko da ƙwaryar nono. Buhunan mutane suka kwana a bakin rafi babu mai gadi. Da safe ruwa ya janye, samarin tungar suka kama mana, mota ta fita, direba ya ba su na goro suka yi ta noƙewa. A tafiyar nan kwana ɗaya muka yi asara, da takalmina guda da laka ta haɗiye.

Hausawa suka ce tafiya sannu sannu kwana nesa. A wancan zamani gaskiya ne. Mugunyar hanya lokaci kawai take ci, lokaci kuwa talaka yana da shi. Yau a yammacin Zamfara sannu sannu ita ce haɗarin. Duk inda rami ya tilasta wa direba komawa giya ta ɗaya, duk inda kwalbati ya karye aka yi ratse cikin daji, duk mashigin rafin da mota ke kafewa, nan ne wurin kwanton ɓauna. Masu bindiga a kan babura sun san waɗannan wurare kamar yadda direba ya san su. Babur yana bin hanyar shanu ya ɓace cikin kurmi, kanta mai buhu a baya ba ta da wurin juyawa. Ramin da a da yake karya sifirin, yau shi ke miƙa fasinja ga masu garkuwa. Motar da ta kafe da la'asar babu wanda zai tsaya haƙa ta har magariba, kowa ta kansa yake yi, kuma tungar da za ta kawo tuwo watakila ta tashi tuni, mutanenta suna gudun hijira a Anka.

Hanyar nan ta taɓa nuna mana illarta tun kafin bindiga ta yi yawa. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Dutsen zinariya da ake haƙowa daga waɗannan tuddai yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi gida a buhuna, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ɗaki da tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ce ta fara gano lamarin a watan Maris na shekarar, kuma nisan ƙauyukan da wuyar shigarsu na cikin abin da ya sa aka binne yara da yawa kafin labari ya fito. Maganin ma da mota aka yi shi: a kankare ƙasar gida da ta gurɓace, a loda, a kai rami a binne, a kawo sabuwa a zuba. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka yi nata, bayan an daɗe ana kiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Abin lura, buhun dutse bai taɓa rasa motar da za ta fito da shi daga daji ba. Mai naƙuda da yaro mai suma su ne ke jiran ranar kasuwa.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. A tsakanin nan an gwada dabaru iri-iri na yaƙi da 'yan bindiga. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai. Ban ce ba ta taɓa su ba. Amma wanda ya zauna a tasha a watannin nan ya ga ɗaya fuskar: motoci a jere an jingine, masu dako da 'yan kamasho da masu faci da masu abinci sun yi tagumi, direban da ya kuskura ya fita kuma ba shi da wayar da zai tambayi na gaba. Watanni kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2022, aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara. A ƙarshen shekarar kuma aka fara jin abin fashewa da ake binnewa a hanya, can wajen Ɗansadau a Maru, abin da ya sa kowane direban burji ya fara duban sabuwar ƙasa a tsakiyar hanya da wani ido.

Sai ga shi mun koma zamanin ayari ba da son ranmu ba. A wasu hanyoyin motoci sukan taru su jira rakiyar jami'an tsaro, su tafi a jere, su komo a jere. Waya ta zama jagaba. Kuɗin wucewa da na ce ku riƙe mini shi ma ya dawo, sai dai madugun wancan zamani yana biyan sarki ɗaya a ƙasa ɗaya, ya san nawa ne, ya san kuma an ba shi amana. Direban yau yana miƙa hannu a shinge bayan shinge, ga na tasha, ga na kasuwa, ga na masu igiya, manomin da ya loda masa kaya kuma sau da yawa ya riga ya biya harajin daji kafin a bar shi ya girbe gonarsa. Wasu matafiya sukan ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, su zagaya ta nesa. Mai buhu ɗari ba ya iya wannan, man gas zai cinye ribar.

Wa ke biyan duk wannan? Ku bi buhun dawa guda ku gani. Ɗan kasuwa ya san farashin Gusau. Daga ciki zai cire kuɗin mota, wanda ya haɗa man gas da taya da bakanike da shingaye da ladan kasadar direba, abin da ya rage shi zai taya wa manomi. In mota biyar ke shiga ƙauye ranar kasuwa, manomi yana da bakin cewa albarka. In ɗaya ce ta yi ƙarfin halin shigowa, abin da mai ita ya faɗa shi ne farashi. Gishiri da sabulu da taki da maganin zazzaɓi da suka shigo a motar nan kuwa, an ɗora musu wannan kuɗin a sama. Mutum ɗaya ya sayar da arha ya saya da tsada, a jihar da takenta ke alfahari da noma. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, babur da ƙaramar mota suka ƙara fin ƙarfin talaka, saman lodi ya ƙara cika.

A nan nake so in yi magana da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ta daɗe tana gargaɗi kan cakuɗa mutane da dabbobi da kaya a babbar mota. Gaskiyarta ne, ba na musu. Tirela in ta faɗi da mutane a sama, buhunan da suke zaune a kai su ke danne su, kuma Arewa ta yi jana'izar irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Direbobi ma suna da nasu laifin: lodin ganganci, taya mai sanƙo, tuƙi da barci a ido, da masu haɗiyar ƙwaya don su kwana a kan sitiyari. Amma a je a tambayi matar da ke saman lodin kanta daga Gwashi me ya hau da ita. Bas ba ya zuwa garinsu, ƙasan motar ba zai tsallake ramukan ba. Kuɗin babur ya fi kuɗin kajin da za ta sayar. In ka sauke ta a shinge ka bar ta a bakin daji, wane haɗarin ka kiyaye? Haka abin yake a ruwa. A Satumbar 2024 kwalekwale ya kife a Gummi da manoma masu ƙetarawa gonakinsu, mutane da dama suka rasu. An ce lodi ya yi yawa, kuma haka ne. Jirgin da ke akwai ke nan, gona tana ƙetare, damina ba ta jira.

Ra'ayina, kuma na san akwai masu ganin tsaro ne farko hanya daga baya, shi ne ba a raba su. Motar soja ma taya gare ta, inda kanta ta kafe nan za ta kafe, ɗaukin da zai zo cikin rabin awa ya koma awa uku. Ɗan kwangila zai ce ba ya shiga daji sai da tsaro, gaskiya ne, to a ba shi, a lissafa kuɗin rakiyar cikin kuɗin aikin tun farko. Kuma ba lallai sai an jira kwalta mai tsada ba. Kwalbati mai ƙarfi a mashigin rafi, da burji da ake bi da gireda bayan kowace damina, da sare kurmin da ya rufe kwana, sun isa su mai da giya ta ɗaya ta zama ta uku. Wuraren ba ɓoyayyu ba ne. A tara direbobin tashar Anka da ta Nasarawar Burkullu da ta Gummi a ba su takarda da biro, kafin shayi ya huce za su jera maka kowane rami da sunansa. Ban taɓa jin an gayyaci karen mota taron tsara hanya ba, alhali shi ya auna zurfin kowane rafi da cinyarsa.

Kwanan baya na tsaya a wata tasha a yankin da sassafe. An gama lodi tun dare, an ɗaure tamfol, mutane sun hau sun zauna, inji a kashe. Direba yana gefe da waya a kunne, ya kira wannan ya kira wancan, tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Mi al labarin hanya?" Karen mota ya zuba ruwa a lagireto, ya bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraron amonsu, ya jefa weji a mazauninsa. Wata tsohuwa daga saman buhuna ta leƙo ta ce, "Ɗana, yau muna tahiya kuwa?" Ya ce, "Inna, sai mun ji daga waɗanda sunka yi gaba." Har rana ta take na bar wurin, wayarsa ba ta yi ƙara ba, babu kuma wanda ya sauko.